Ƙuda Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Ranar Litinin da safe, tun kafin ta rataye jakarta, Mai Zane ta jawo durowa ta shida ta ciro ƙuda mai lamba arba'in da bakwai. Ranar Alhamis ta bar zanensa rabi, Juma'a kuma ba ta zo aiki ba saboda ta kai 'yarta asibitin haƙori, don haka tun a mota hannunta yake ƙaiƙayin fensir.

Shekararta tara a ɗakin ajiyar ƙwari na cibiyar bincike. Aikinta ta zauna gaban madubin bincike, wanda ke mayar da ƙuda ya yi girman kaza, ta zana shi gashi bayan gashi, jijiya bayan jijiya, don a buga a littafi. Ranar da ta fara aiki aka ce wa masinja ya raka mai zane ofishinta, sai ya tsaya a bakin matakala yana tambayarta ko atamfa take sayarwa ko leshi. Tun daga nan sunan ya bi ta.

Ƙudajen da take zanawa a bana dangin ƙudan zuma ne, amma na daji. Ba su san amya ba, ba sa tara zumar da mutum zai lasa, kowanne ramin kansa yake haƙawa a ƙasa. Baƙaƙe ne masu ɗan sheƙin kore, tsawonsu bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Dakta, shugaban sashen, ya kamo ɗari da sittin daga gindin dutse da bakin rafi. Littattafai sun ce duk iri ɗaya ne, ido ma haka ya ce. Amma da aka cire wa tamanin daga cikinsu ƙafa ɗaya-ɗaya aka kai ɗakin gwaji, aka karanta ƙwayoyin halittarsu, wato rubutun gadon da kowane mai rai ke ɗauke da shi a jikinsa, sai suka rabu gida biyu. Gida ɗaya sananne ne tun da can. Ɗayan kuwa babu wanda ya taɓa raɗa masa suna.

Dakta ya zaɓi lamba arba'in da bakwai ya zama madogara, ƙudan da za a ɗaura wa sabon sunan, wanda duk mai gardama zai zo ya duba ko bayan shekara ɗari ne. Abu ɗaya ya rage masa, shi ne kuma ya hana shi sakat: alamar da ido zai gani ya raba gidajen biyu. Wata huɗu yana auna fiffike da ƙaho, bai samu ba.

Ta soke allurar da ke riƙe da ƙudan a kan 'yar matashiyar soso, ta kunna fitila, ta sa ido a madubi. Ta ɗago ta dubi takardarta. Ta sake sa ido.

Doka ce a ɗakin nan, ƙafar tsakiya ta dama ake cirewa don gwaji. A zanenta ma gurbin yana dama. Ƙudan da ke gabanta kuwa, ta hagu ce babu.

Da farko kanta ta zarga. Ta juya allurar, ta juya takardar, har ta ɗaga hannunta na dama ta dube shi kamar yaron da ake koya wa cin abinci. Wannan madubin ba ya kifa hoto, shekara tara ta san shi. Ta zare 'yan takardun nan uku da ke soke a ƙarƙashin ƙudan. Lambar daidai ce, wurin kamu da kwanan wata daidai ne. Sai dai kowace takarda huda biyu gare ta, ɗaya a jikin ɗaya.

Ta kwantar da fitilar gefe yadda ta saba, ta dubi gadon bayansa, tsakanin fikafikai. Akwai 'yan ramuka a wurin, ƙanana kamar an yi da tsinin allura. Ranar Alhamis ta ƙirga talatin da ɗaya a ɗan filin da ta shata, a warwatse, tsakaninsu sumul yana sheƙi. Yau sun cushe kamar bakin rariya. Da ta wuce hamsin sai ta daina ƙirga.

Wani ne ya sauya ƙudan, kuma mutum uku ne kawai ke da makullin ɗakin: ita, da Dakta, da Kawu.

Kawu yayan mahaifiyarta ne, shi ne mai kula da ajiyar, shekararsa talatin da huɗu a aikin. Shi ya kawo ta aikin. Hannunsa ake ba da labari a cibiyar, hannun da ke soke ƙwaron da bai kai ƙwayar riɗi ba, kuma fiffike bai lanƙwashe ba. Sunan kakarta ta ci, don haka Uwata yake ce mata ko a gaban baƙi. Ko na daƙiƙa ɗaya zuciyarta ba ta tsaya a kansa ba. Saura Dakta ke nan.

Ta sauka ƙofar shiga kamar za ta sayi katin waya, ta gaisa da mai gadi, ta tambaye shi ciwon gwiwarsa, sannan ta ce, "Ni kam akwai wanda ya shigo sashenmu ƙarshen mako? Na ga an bar fanka a kunne."

"Dakta ya zo Asabar," in ji mai gadi. "Ya yi kamar awa biyu. Shi kaɗai."

Tana hawa matakala lissafin yana haɗa kansa. Mutumin da ya nemi alama wata huɗu bai samu ba, me zai hana shi ya ɗauko wani ƙudan da jikinsa ya ɗan bambanta, ya maƙala masa lambar, ya bar ta ta zana? Zanen zai fita da alama, duniya ta yi tafi. Ranar da asiri ya tonu kuwa, sunan wa ke ƙasan zanen? Nata.

Da ta koma ɗaki, Kawu ya iso, yana zaune a teburinsa na lungu, hannayensa a ƙarƙashin tebur.

"Uwata, yau ba gaisuwa? Ko haƙorin jikata ne ya koma bakinki?"

Ta rusuna ta gaishe shi. Maganar ta zo mata har maƙoshi, ta haɗiye rabi.

"Kawu, akwai wanda ya buɗe durowa ta shida da ba na nan?"

"Ni dai kafur na zuba ranar Juma'a," ya ce, idonsa a kan littafin rajista. "Wani abu ne?"

"A'a, ba komai."

Ta ga bai kamata ta jefa tsoho cikin rigimar shugabansa ba.

Wajen sha biyu Dakta ya shigo. Dogo ne siriri, kullum tabarau a saman goshi, kullum kuma yana neman tabarau. Ya tsaya a bayanta.

"Malama, ina aka kwana? Gobe zan samu zanen?"

"Da saura, Dakta. Ashe ka zo ranar Asabar."

"Na zo. Wa ya gaya miki?"

"Ka duba arba'in da bakwai ne?"

"Me zan duba a jikinsa? Na haddace shi kamar tafin hannuna." Ya sauko da tabaran kan hancinsa. "Waɗannan tambayoyin fa?"

Ta yi niyyar ta ci gaba da zagaye-zagaye har ya yi suɓul da baka, amma fuskarsa ba ta nuna komai ba sai gajiya. Ta tashi daga kujerar, ta nuna masa madubin, ta ajiye zanen kusa. Ta ce ya dubi ƙafa, ya dubi takardun.

Ya daɗe a sunkuye. Ita kuwa ƙeyarsa take kallo, tana jiran ta ga ko wasan kwaikwayo yake yi. Can ya ɗago. Bai dubi ƙudan ba kuma, ita ya duba.

"Malama, wa kika nuna wa ƙudan nan?"

"Ni? Ban gane ba."

"Bara kin yi wa Farfesa zane guda goma, ko ba haka ba? Kina da lambar wayarsa."

Farfesa tsohon malamin Dakta ne, yana wata jami'a, kuma shi ne ya tsaya kai da fata a taron bara cewa ƙudajen nan iri ɗaya ne, na'ura ce ke ruɗin yaran zamani. Sai a lokacin ta gane cewa kallon da take yi wa Dakta tun safe, shi yake yi mata yanzu.

"Ranka ya daɗe, in ni na sauya shi, zan kira ka in nuna maka?"

"Haka ni ma zan yi, in ina so a cire ni daga zargi."

Kawu yana lungunsa, idonsa a kan rajista. Dakta ya ɗauki hantsaki da kansa ya cire wa ƙudan wata ƙafar, ya jefa a 'yar kwalba, ya ce ranar Alhamis gwaji zai faɗi ko wane ne wannan. Sannan ya zare durowa ta shida ɗungurungum, ya rungume ta ya tafi da ita ofishinsa. Ta ji ƙarar makulli sau biyu.

Kwana biyun da suka biyo baya ɗakin ya yi mata ƙunci. Dakta ya daina ƙwanƙwasa ƙofa, sai dai ta ga inuwarsa a kan takardarta. In wayarta ta yi ƙara, sai ya sami abin dubawa a kabad ɗin da ke kusa da ita. Ita ma in ya fita takan leƙa ta taga ta ga ina ya nufa, da me ke hannunsa. Ranar Talata da za ta tafi gida mai gadi ya tare ta yana murmushi.

"Hajiya, fankar nan taku ta zama abin magana. Yau Dakta ya yi mini irin tambayarki, amma shi a kanki ya yi."

Ranar Laraba ta ce wa kanta zama ba zai fisshe ta ba. Ƙudan da aka kawo ba daga sama ya faɗo ba. Tunda an yi masa sabon cirin ƙafa, daga cikin tamanin ɗin da ba a gwada ba ya fito, kuma suna durowa ta tara. Ta jira Kawu ya fita cin abincin rana, ta jawo durowar, ta ƙirga. Saba'in da tara. Ta sake ƙirgawa daga ƙasa zuwa sama. Saba'in da tara.

Amma babu giɓi. Layi na huɗu, wanda ya kamata ya zama goma, tara ne, an mammatsar da su kowanne ya ɗan gusa, tazarar ta yi daidai kamar an sa ma'auni. Ta tsura wa layin ido. Ta san aikin Dakta: in ya soke ƙuda, allurarsa takan karkace kamar mai jin barci, kuma da shi ne, da giɓin zai bari ya yi gaba. Mutum ɗaya ne a ginin nan ba ya iya ganin layi a hargitse ya wuce. Ta sunkuya sosai. Kusa da kowace allura akwai huda biyu, uku, wata har huɗu, kamar hannun da ya nufi wuri ya yi ta kuskurewa.

Ta mayar da durowar a hankali, ta tsaya tana kallon teburin lungu. Tun tana 'yar makaranta ba ta taɓa buɗe ko jakar Kawu ba. Ta je ta jawo aljihun teburin. Tsohon tabarau, carbi, ƙwayoyin kafur a leda, da kwalin ashana. Kawu ba ya shan taba. Ta tura kwalin da babban yatsa. A kan auduga ƙuda ne kwance gida uku, kai daban, ƙirji daban, ciki daban. Ƙafar tsakiya ta dama babu.

"Rufe, kada iska ta ɗauke kan."

Kawu ne, yana tsaye a bakin ƙofa. Ya shigo, ya mayar da ƙofar, ya zauna a kujerarsa kamar wanda ya yi tafiyar ƙasa. Ita ta kasa zama, ta kasa ajiye kwalin.

"Kawu..."

Ya miƙo hannunsa na dama a tsakaninsu, ya buɗe yatsu. Hannun yana kaɗawa kamar ganye. Ya kama shi da na hagu, na hagun ma ya ɗauka.

"Tun bara," ya ce. "Da safe da sauƙi. Shi ya sa nake ce miki ki zo ki koyi suka, kina tsammani koyarwa ce. Ranar Juma'a na ga ɗan farin fumfuna a ƙahonsa, na ce bari in share kafin ki dawo. Burushin kawai na kai. Uwata, shekara talatin da huɗu ko ƙaho ban taɓa karyawa ba, sai a kan wannan ɗin, wanda duk cibiya ta zuba wa ido."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa a ce me? A ce tsoho ya ƙare, a ba shi agogon bango a raka shi ƙofa?" Ya girgiza kai. "Na duba guda ashirin kafin in zaɓi wancan. Wallahi ko uwar da ta haife su ba za ta raba su ba. Ai duk ɗaya ne. Na'ura ce kawai ke cewa biyu ne."

"Ba ɗaya ba ne, Kawu. Kuma ƙafar hagu ka cire."

Ya rufe ido. "Ta ciki na juyo shi. Kaico."

Ya ce ta yi shiru kawai. Gobe gwaji zai fito, Dakta zai ce na'ura ta yi kuskure a kan wannan ɗayan, ya zaɓi wani madogaran, magana ta mutu.

"Ni yake zargi fa. Yana ganin Farfesa ne ya saye ni."

"Zargi ne, ba shi da hujja. Zai wuce."

Wannan kalmar ta fi komai yi mata ciwo. Ta ajiye masa kwalin a gabansa, ta koma kujerarta, har aka tashi ba ta zana layi ɗaya ba.

Daga aiki ba ta wuce gida ba, ta biya wurin mahaifiyarta. Ta same ta a tsakar gida tana ninke wanki. Tana fara magana Mama ta ɗaga mata hannu.

"Maganar hannun Yaya ce? Mun sani. Ni nake sa masa maɓallin riga in ya zo."

"Kun sani, ni da nake ɗaki ɗaya da shi ba a gaya mini ba?"

"To ga shi kin sani, me kika yi da sanin? Kin zo kina huci." Mama ta karkaɗe zanen gado da ƙarfi. "A kan ƙuda? Ƙudan da nake kora da mafici? Mutumin nan shi ya riƙe ni da ubanmu ya rasu, shi ya kama hannunki ya kai ki wurin nan. Ki rufa masa asiri."

"Mama, aikina zai tafi. Sunana zai ɓaci, ba mai sake ba ni ko fara in zana."

"Ke yarinya ce, za ki samu wani. Shi fa?"

Ta dubi kwandon wankin. Can ta ce, "Ba zan ambaci sunansa ba. Amma ba zan ce ni ce ba, kuma ba zan ce ban sani ba."

"Wannan ai ambata ce da doguwar hanya," in ji Mama. Ba ta raka ta ƙofa ba.

Ranar Alhamis da ƙarfe goma Dakta ya aiko a kira ta. Takardar gwajin tana kan teburinsa, ya danne ta da kofin shayi.

"Tsohon gida ne," ya ce. "Ƙudan da ke ɗauke da lamba arba'in da bakwai yau ba shi aka gwada a baya ba. Ko dai ɗakin gwaji ya yi shirme, aikin shekara guda ya zama toka, ko kuma hannu ya shiga. Ni na san wanne ne. Zan kai maganar sama yau."

"Hannu ya shiga, Dakta. Na asalin yana nan cikin ginin nan. Ka ba ni zuwa sha biyu."

Ya jingina da kujera. "Ashe kin sani."

"Jiya na sani."

"Wane ne?"

"Zuwa sha biyu, ranka ya daɗe."

Ta koma ɗaki ta zauna, ta fuskanci bango. Ta faɗa wa Kawu abin da aka yi a jimla biyu, ba ta ƙara ba. Tana jin yana buɗe rajista yana rufewa. Sha ɗaya ta wuce. Sha ɗaya da rabi ta wuce. Ta fara tunanin abin da za ta kwashe daga teburin in an sallame ta: fensira nata ne, fitilar ta cibiya ce. Ta fara tunanin ko ya jefar da kwalin a hanya jiya, in kuwa haka ne ba ta da abin nunawa sai bakinta.

Saura minti goma ta ji kujerarsa ta motsa. Ya zo ya ajiye kwalin ashanar a gefen takardarta.

"Hannuna ba zai kai shi ofis lafiya ba. Ɗauki, in bi ki."

Dakta ya ga su biyu a ƙofa, ya ga kwalin, ya miƙe tsaye. Kawu bai jira an tambaye shi ba, ya faɗi komai a tsaye, bai rage ba, bai yi wa kansa ado ba. Dakta ya jawo masa kujera.

"Baba, zauna. Don Allah zauna." Ya shafa fuskarsa da tafin hannu. "Da ka faɗa mini ranar Juma'a, da gam kawai za mu nema. Yanzu ka sa na kwana uku ina yi wa baiwar Allah nan kallon ɓarauniya."

Iyakar haƙurin da ya ba ta ke nan, kuma ba ita ya kalla ba da ya faɗa. Ya buɗe kwalin, ya daɗe yana duban gutsattsarin, sannan ya ɗauki hantsaki ya cire ƙafa ɗaya daga ƙirjin.

"Ba don ban yarda ba, Baba," ya ce, yana rufe kwalbar. Kowa a ɗakin ya san don bai yarda ba ne.

Da Kawu ya fita, Dakta ya tsayar da ita.

"Ƙafar ce kawai ta tona?"

"Ƙafar ce ta fara. Bayansa ne ya tabbatar mini."

Suka ɗauki durowar suka koma wurin madubi. Ta jera ƙirjin na asalin da ƙudan da aka sauya, ta kwantar da fitila har hasken ya zo ta gefe, ta ce ya dubi ramukan da ke tsakanin fikafikai. Ɗaya a warwatse, ɗaya a cushe.

"Na auna wurin nan sau ba adadi," ya ce, idonsa a madubi.

"Faɗinsa ka auna. Kuma fitilarka daga sama take, sheƙi yana rufe su. Ni ma ban san alama ce ba, na ɗauka duk haka suke. Arba'in da bakwai kaɗai na taɓa ƙirgawa."

"Ƙuda biyu ba hujja ba ne." Ya ɗago. "Fita waje."

Ta fita ta tsaya a baranda kusan rabin awa. Da ya kira ta, ya jera ƙudaje talatin daga waɗanda aka gwada, ya rufe takardar kowanne da ɗan kwali. Ya ce ta raba su gida biyu. Ya ja kujera ya zauna daf da ita, yana kallon yatsunta kada su ɗaga kwali.

Ta yi awa ɗaya da wani abu. Biyu ta ture gefe, ta ce bayansu ya goge, ba za ta yi rantsuwa a kansu ba. Sauran ashirin da takwas ta raba. Ya buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya yana dubawa da jerin gwaji. Ashirin da bakwai sun faɗa inda na'ura ta sa su. Ɗaya ta kuskure.

Ta ɗauka zai yi murna. Sai ya ce, "Kin daɗe da ƙudajen nan. Wa ya sani ko kin haddace su ta yagewar fiffike?"

Ya sa ta raba ashirin daga durowa ta tara, waɗanda babu wanda ya san gidansu, ya rubuta amsarta ya kulle a ofishinsa, ya aika ƙafafunsu gwaji. Bayan mako biyu sakamako ya dawo, ashirin ɗin duka daidai. Gutsattsarin kwalin ashana ma gwaji ya ce shi ne arba'in da bakwai na gaskiya. Ta haɗa shi da gam a kan ɗan farin kati, amma Dakta ya zaɓi wani lafiyayye ya zama madogara, ta sake zane daga farko.

Dakta bai kai maganar sama ba. A takardar ritayar Kawu rashin lafiya kawai ya rubuta. Amma ya sa an sauya makullin ɗakin, ya ajiye littafi a bakin ƙofa, duk wanda ya buɗe durowa sai ya sa hannu da lokaci, har shi kansa. Ya sa sunanta kusa da nasa a kan rubutun da za a buga, abin da ba a taɓa yi wa mai zane ba a cibiyar. Mama kuwa wata guda cur in ta kira ta a waya sai dai "lafiya lau" da "sai an jima".

Ranar ƙarshen wata Kawu ya zo kwashe kayansa. Ya gama ɗaure su a leda biyu, ya tsaya a bayanta yana gyaran murya.

"Uwata, nuna mini abin nan da kuke ta faɗa."

Ta ɗauko guda biyu, ɗaya daga kowane gida, ta jera, ta daidaita fitilar, ta tashi ta ba shi kujera. Ya cire hularsa ya ajiye a cinya, ya dafe tebur da hannu biyu, ya sa ido. Ta tsaya tana kallon agogo. Minti biyar bai motsa ba. Ta ga ya ɗan karkata kai zuwa na hagun, ya koma na daman, ya sake komawa na hagun, leɓensa yana motsi kamar mai ƙirga.

Ya ɗago, ya mayar da hularsa.

"Ni dai ban ga komai ba," ya ce.

Ta dubi fuskarsa da kyau, ta kasa gane ko idon ne bai gani ba ko bakin ne ya ƙi faɗa. Bai ba ta damar tambaya ba. Ya nuna ledojin da haɓa.

"Ɗauko mini babbar, ki raka ni bakin titi."